Sai Da 'Yar Gari Akan Ci Gari

Akwai wata magana da malaman jami'o'in Ingila da Amurka suka daɗe suna gardama a kanta, wadda in mutum ya jiyo ta daga nesa sai ya zaci ba ruwanmu da ita. Maganar kuwa ita ce: matan Turawa masu ilmi, waɗanda suka tashi tsaye wajen neman haƙƙin mata, yaya za su yi su zama abokan tafiya na gaskiya ga 'yan'uwansu mata baƙar fata, su daina zama uwayen gijinsu?

To, jama'a, da ruwanmu ƙwarai. Tun zamanin En'e har yau matan Turawa ba su fasa zuwa ƙasar nan ba, waɗansu don koyarwa, waɗansu don bincike, waɗansu don agaji. Abin da suka rubuta a kan matanmu shi duniya ke karantawa, da shi kuma ake yanke shawarar irin gudummawar da za a aiko wa garuruwa irin su Gidan Goga ta ƙasar Maradun, da Bakura, da Talata Mafara. Saboda haka ya kamata mu san asalin maganar, mu kuma san mudun da za mu riƙa auna aikin baƙuwa da shi.

Mafarin Gardamar

A shekarar 1976 aka yi wani babban taro a Kwalejin Wellesley ta Amurka a kan mata da ci gaban ƙasashe. An gayyato malamai mata daga Afirka da Asiya da ƙasashen Larabawa. Da suka hallara sai suka tarar an riga an gama shirya kome ba da su ba. Masu masauki ne suka zaɓi abin da za a tattauna, su ne kuma suka fi yawa cikin masu jawabi, alhali rayuwar baƙin ce ake magana a kai. Abin ya yi musu ciwo. Nawal El Saadawi ta Masar da Fatima Mernissi ta Maroko suna cikin waɗanda suka rubuta kukansu, Bolanle Awe kuma, malamar tarihi ta Jami'ar Ibadan, ta rubuta nata ra'ayin. Shekara na zagayowa, watau 1977, matan Afirka masu bincike suka kafa ƙungiyarsu a Dakar, wadda aka sani da AAWORD, don su riƙa bincika al'amuransu da kansu.

Daga nan gardamar ta shiga littattafai. A 1984 wata malama 'yar asalin Indiya, Chandra Mohanty, ta nuna yadda marubutan Turai da Amurka ke tattara matan ƙasashe masu tasowa duka su zuba su a kwando ɗaya, su siffanta su da jahilci da talauci da rashin baki, kamar ba su da tarihi ko dabara tasu. A 1989 Kimberlé Crenshaw, baƙar fata malamar shari'a a Amurka, ta kawo misalin mararraba. Ta ce baƙar mace kamar mai tsayuwa ce a inda hanyoyi suka gitta: mota na iya buge ta daga hanyar wariyar launin fata, tana iya buge ta daga hanyar raina mata, tana kuma iya buge ta daga duka biyun a lokaci guda. Wanda ya tsare hanya ɗaya kaɗai bai tsare ta ba.

Cikin Turawan ma an sami masu duban kansu. A 1988 Peggy McIntosh, malama a wannan kwaleji ta Wellesley, ta zauna ta lissafa abubuwa 46 na sauƙin rayuwa da take samu don farar fatarta kawai, ba don ta yi wani aiki ba. Ta kwatanta su da jakar guzuri da mutum ke rataye da ita bai ma san tana nan ba. Ga alama kuwa jakar ba ta tsufa ba, domin binciken da Nicola Rollock ta fitar a 2019 ya nuna a lokacin baƙaƙen mata 25 ne kacal ke da muƙamin farfesa a dukan jami'o'in Birtaniya. Sai a 2018 ne ma aka sami baƙar mace ta farko da ta zama farfesar tarihi a can, watau Olivette Otele, haifaffiyar Kamaru.

Yadda Abin Ya Kasance A Nan

Mu dawo gida. A 1930 Gwamnatin Turawa ta buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, a 1939 kuma aka buɗe makarantar horad da malamai mata a Sakkwato. Turawa mata ne suka riƙe su. Ba a raina musu ƙoƙari, don sun sha zafin rana da zazzaɓi da kewar gida, kuma daga hannunsu malamai mata na farko a Arewa suka fito. Amma an shirya karatun ne bisa zaton cewa mace a ƙasar Hausa ba ta da wani ilmi sai wanda aka kawo mata daga ƙetare, don haka aka fi ba da ƙarfi ga ɗinki da girki da tsabta da renon yara.

Zaton nan kuwa kuskure ne babba, mutanen Zamfara ma su ne shaida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, mata suna halartar majalisinsa. Wani malami, Mustafa Goni, ya zarge shi a kan haka, sai ƙanensa Abdullahi ya mayar da jawabi da waƙa, yana nuna barin mata cikin jahilci shi ne ya fi muni. A 1805 jama'ar Shehu ta yi zango a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, a cikinsu akwai wata yarinya 'yarsa mai suna Asma'u. Yarinyar nan ita ce ta girma ta zama Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa har ta rasu a 1864. Ita ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta Jaji, ta ɗora mata malfa, Jajin ta riƙa jagorantar matan ƙauye su zo su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma su koyar da na gida. Ashe kusan shekara ɗari kafin makarantar 1939, ƙasar Sakkwato tana da tata hanyar horad da malamai mata. Baƙin da suka zo koyarwa suna zaune kusa da Hubbare, amma ba da wannan gado aka gina makarantunsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san inda ya ajiye tukunyar zumarsa, sai dai in ba a tambaye shi ba.

Waɗanda Suka Zauna Suka Saurara

Duk da haka an sami waɗanda suka tambaya. Ta farko da za mu ambata ita ce Mary Smith, wadda ta rako mijinta M. G. Smith bincike a Lardin Zazzau. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 ta riƙa zama gaban wata tsohuwa, Baba mutuniyar Karo, tana rubuta labarin rayuwarta da Hausa kamar yadda yake fitowa daga bakinta: zamanin harin bayi, zuwan Turawa, aure da saki, ƙawance da biki. Littafin ya fito da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo, har yau kuma ana karanta shi a jami'o'in duniya. Wannan aikin kirki ne, don ya bar Bahaushiya ta yi magana da bakinta. Amma a lura da abu biyu. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. Jikokin garinsu kuma, waɗanda ba su jin Turanci, sun daɗe ba su da hanyar karanta abin da kakarsu ta faɗa da harshensu.

Ta biyu ita ce Jean Boyd, 'yar Ingila, wadda ta zo Arewa aikin koyarwa a 1955 ta zauna kusan shekara talatin, mafi yawansu a Sakkwato. Ta koyi Hausa sosai. Da ta ji labarin Nana Asma'u sai ta nufi gidan da abin yake, watau gidan Wazirin Sakkwato Alhaji Junaidu, wanda ke cikin zuriyar Giɗaɗo, kuma shi ke riƙe da takardun. Ta je ne a matsayin almajira. Waziri ya buɗe mata taskarsa, ta kuma shekara da shekaru tana zama da malaman Sakkwato masu Fulatanci da Larabci suna warware mata ma'anoni. A 1978 ta fitar da littafi a kan shugabancin Shehu, sunanta da na Alhaji Shehu Shagari suna jere a bango. A 1989 ta fitar da tarihin Nana Asma'u mai suna The Caliph's Sister.

Ta uku ita ce Beverly Mack, Ba'amurkiya, wadda ta yi bincike a Kano kan waƙoƙin mata. Abin da ya fi burge mai lura cikin aikinta shi ne wani ƙaramin littafi da kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1983, Alƙalami a Hannun Mata. Waƙoƙin Hauwa Gwaram ne da Hajiya 'Yar Shehu, da Hausa, a gida, da sunan masu su. Daga baya ta haɗa hannu da Jean Boyd, suka tara ayyukan Nana Asma'u wajen sittin cikin littafi guda mai shafi fiye da 700, wanda Jami'ar Jihar Michigan ta buga a 1997, shekarar da Waziri Junaidu ya rasu. Albarkacin wannan aiki, yau ɗalibi a Landan ko Alƙahira in aka ce masa matan Afirka ba su da tarihin ilmi, yana da abin da zai buɗe ya nuna.

Ko nan ma da sauran magana. Babban littafin nan da Turanci aka yi bayaninsa, a Amurka aka fara buga shi, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin aljihun malamar firamare. Shi ya sa aikin 'yan gida, irin rubuce-rubucen da Farfesa Sa'adiya Omar ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yi da Hausa a kan 'Yan Taru da Modibbo Kilo, ya zama shi ne cikamakin aikin baƙi. Baƙuwa ta kai labari waje, 'yar gida ta tsare shi a ciki.

Darasi Uku

A 1982 aka yi wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wanda ya haifi ƙungiyar mata da aka sani da WIN. 'Yan ƙasa ne suka riƙe ragamarta, amma ba su kori baƙin malamai ba. Littafin da ƙungiyar ta fitar a Dakar a 1985 kan mata da iyali a Nijeriya, cikin waɗanda suka shirya shi akwai Ayesha Imam, akwai kuma baƙuwar malama Renée Pittin, wadda ta yi bincike a kan matan birnin Katsina. Darasin Zariya ke nan: baƙuwa na iya shiga cikin tafiya in ta yarda mai gida ya wuce gaba.

A 1992 Obioma Nnaemeka ta shirya babban taro a Nsukka na matan Afirka da 'yan'uwansu da ke warwatse a duniya. Can rigima ta tashi, waɗansu baƙaƙen mahalarta da suka zo daga ƙetare suka nemi a hana Turawa gabatar da takardu, saboda tabon da wariya ta bar musu. Masu masauki ba su yarda ba. Darasin Nsukka shi ne, ciwon na gaske ne, bai kamata a yi masa dariya ba, amma rufe ƙofa ba ya warkar da shi.

Na uku ya fi kusa da mu. A 2002 wata kotun shari'ar Musulunci a Jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa. Nan da nan takardun koke suka cika intanet daga Turai da Amurka, mutane barkatai suna sa hannu da kyakkyawar niyya. Amma waɗansu takardun cike suke da kurakurai, har akwai masu cewa an tsayar da ranar zartar da hukunci alhali ƙara tana gaban kotu, waɗansu kuma suna zagin addini da mutanen ƙasar. A 2003 ƙungiyar BAOBAB, wadda Ayesha Imam ɗin nan ke cikin shugabanninta, ta fitar da wasiƙa tana roƙon a dakatar da irin waɗannan koke-koke, don suna iya tunzura masu iko su jawo wa matar da lauyoyinta haɗari. Ta ce mai son taimako ya tambayi masu aikin a gida abin da suke bukata. Ranar 25 ga Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a Katsina ta sallami Amina Lawal, bisa hujjojin da lauyoyi 'yan ƙasa suka ciro daga cikin fiƙihun kansa. Kyakkyawar niyya in ba ta da kunne, tana iya zama gudummawar da ta fi harin ɓarna.

Mudun Awo

Daga waɗannan labarai muna iya fitar da mudu mai sauƙi, wanda shugaban kwaleji ko hakimi ko uwar ƙungiya za su iya riƙewa.

Na farko, harshe. Wadda ta zo nazarin matan Hausa ba ta jin Hausa, ba ta kuma da niyyar koyo, abin da tafinta ya ga dama shi za ta kai gida.

Na biyu, tambaya. Wa ya zaɓi abin da za a bincika? In an riga an rubuta tambayoyin a wata ƙasa, aka zo nan neman amsa kawai, to Wellesley ce aka maimaita. Mutanen Bakura da Maradun da Talata Mafara ba su bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Sun ga madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978 da sunan taimakon manoma ba tare da an saurari manoman ba, har rikicin diyya ya kai ga asarar rayuka a 1980.

Na uku, suna. A jami'a suna shi ne jari. Da yawan rubutun da ke ɗauke da sunan malami ake ƙara masa girma, da shi ake ba shi kuɗin bincike. In malama ta Gusau ce ta shiga ƙauyuka, ta yi hira, ta fassara, sa'an nan aka buga aikin da sunan baƙuwa ita kaɗai, aka sallami 'yar gida da godiya a ƙasan shafi, to an ci da guminta, ko da an biya ta lada.

Na huɗu, mayarwa. Ilmin da aka ɗiba a gari ya dawo garin, da harshen da mutanensa ke ji, da kuɗin da za su iya biya, a kuma ajiye kwafinsa a laburaren kwalejin da ta fi kusa.

Na biyar, kujera, wanda ya fi sauran wuya. A can ƙasarta, ran da aka zauna ɗaukar ma'aikata, ko zaɓen mai jawabi, ko rabon kuɗin bincike, baƙuwar nan tana buɗe baki ta ce ga wance ta fi ni sanin wannan, a ba ta? Tana tsayawa tare da abokiyar aikinta baƙar fata ran da aka raina ta, ko da tsayuwar za ta jawo mata baƙin jini? Tausayi ba ya cin kome daga aljihun mai yinsa, amma matsawa a ba wani wuri yana ci. Can ake gane zumunta, don a ƙafa take.

Namu Rabon

Kada kuma mu ɗora wa baƙi laifin duka. Sau da yawa mu ne kan fi girmama magana in ta fito daga bakin Baturiya, mu yi biris da ita in 'yarmu ce ta faɗa. Sau da yawa kuma malaman jami'o'inmu maza kan yi wa abokan aikinsu mata abin nan da muke zargin baƙi da shi, haka 'yan birni kan yi wa matan ƙauye. Mudun nan biyar ba na auna Turawa kaɗai ba ne. Malamar da ta taso daga Abuja ko Ikko ta zo Gidan Goga da takardar tambayoyi, ita ma baƙuwa ce, a auna ta da shi.

Ba kuwa za a ce ba mu da wurin renon masu bincike ba. Akwai Kwalejin Ilmi ta Maru, akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta koyon sana'a a Gusau wadda mata zalla take ɗauka, akwai Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ga kuma Jami'ar Jihar Zamfara a Talata Mafara tun 2018. Abin da ya rage shi ne yarinya ta iya kai wa ƙofarsu lafiya. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan matan makarantar sakandare ta Jangebe a ƙasar Talata Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A watan Satumba na shekarar aka sake kwashe ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun. Duniya ta yi kuka na 'yan kwanaki, aka ɗauki hotuna, aka rubuta rahotanni, sa'an nan hankali ya koma wani wuri. Za a ci gaba da rubuta littattafai a kan waɗannan shekaru. Tambayar ita ce, su wa za su rubuta su?

In muna so a sami 'yar Jangebe ko 'yar Kaya ko 'yar Gidan Goga cikin marubutan, aikin yana farawa ne daga uban da zai bar 'yarsa ta gama sakandare, da hukumar da za ta tsare makarantar, da shugaban kwalejin da zai ce wa duk mai zuwa bincike: maraba, ga malamarmu za ku yi aikin tare, sunanta zai hau bango, kwafi kuma zai zauna a nan. Baƙuwar kirki ba za ta ji haushin wannan sharaɗi ba, don irinsa Jean Boyd ta bi a zauren Waziri ba tare da kowa ya tilasta mata ba. Wadda ta ji haushi kuwa ta rage mana wahalar awo.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa tana da amfani ga shuka, ba mai musun haka, amma hantsi na yi take tashi. Don haka a yi wa baƙuwa shimfiɗa, a ba ta ruwa, a karɓi abin da ta zo da shi da hannu biyu, a kuma tabbata kafin ta ɗaure kayanta akwai 'yar gari da ta iya aikin, mai alƙalami a hannunta.